Hannun da ke Bayan Labule

Shafi na 14

Saura ƙiris ban rubuta wannan shafin ba.

Sau uku ina farawa ina gogewa. Masu turo min saƙo kuna cewa ko na gudu ne, ku yi haƙuri, ban gudu ba. Akwai maganar da na yi wa mamaci alkawarin ba zan faɗa ba, kuma shafin nan ba ya tafiya sai da ita. Sai da na je na nemi izinin 'yarsa. Ta ce min, "Rubuta. Inda yake yanzu babu jin kunya."

Wadda kuma ta ce rubutuna kamar na 'yar firamare, gaskiyarki 'yar'uwa, a nan na tsaya.

Ga waɗanda suka shigo yau: shekara bakwai na yi ina aiki a ɗan asibitin ƙafa na Baba Likita, Allah ya jiƙansa. Wata biyar ke nan da rasuwarsa, wurin yana rufe da kwaɗo. Yanzu 'yarsa, Anti Dokta, ta dawo za ta buɗe, amma kwana uku kawai a sati, don sauran kwanakin tana babban asibiti. Ta aiko in zo mu yi maganar aiki da albashi.

Ni ba albashin ne a gabana ba. Inna ce.

Inna tana da ciwon suga, kuma akwai gyambo a ƙarƙashin babban yatsanta na hagu. Lokacin da Baba yake raye, kyauta ake wanke mata duk sati, har da magani. Tun da ya tafi bakin ciwon ya fara baƙi. A babban asibiti sun ce in ba a bi shi da kyau ba, yatsan zai tafi, wataƙila har da abin da ya fi yatsa. Kuɗin da suka faɗa kuwa, ko mun sayar da rufin ɗakinmu ba zai kai ba. Sai na ji an ce Anti Dokta za ta sa ma'aikatanta a inshorar lafiya, kowa da mahaifi ɗaya.

Wannan na je nema.

Yayana direban tasi ne, shi ya kai ni. Tun daga ƙofar gida ya fara ba ni karatu.

"Auta, buɗe kunnenki. Ciniki ciniki ne, ko na akuya ko na albashi."

"To, Yaya."

"Kada ki fara faɗin kuɗi. Duk abin da suka ambata, ki yi shiru, ki ƙirga goma a ranki."

"To."

"Ke komai to! In suka ce ki yi aiki kyauta ki haɗa musu da wankin mota, to za ki ce."

"Ai kai ka ce in yi shiru."

"Shirun ciniki na ce, ba naki na gado ba. Kuma ki ɗaga kai ki kalli mutum a ido. Ƙasa ba ta biyan albashi."

A raina na ce, ni kam ƙasa ce ta samo min aiki.

Ranar da na fara taka wurin nan, rakiyar Inna na yi. Muna zaune a benci, kaina a sunkuye kamar kullum. Wani tsoho yana gefenmu, ya cire takalminsa ya ajiye. Na raɗa wa Inna, "Tsohon nan akwai ƙusa a cikin takalminsa, kuma bai sani ba." Ashe Baba Likita yana tsaye a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ke, me kika ce?"

Na kusa nutsewa. Ya ɗauki takalmin, ya zura hannu, ya fito da yatsa yana jini. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

"Kowa ya zo nan fuskata yake kallo. Wannan ita kaɗai take kallon inda ciwon yake. Gobe ki zo aiki, Sunkuye."

Tun daga ranar sunana ya ɓata a wurin. Sunkuye, kawo auduga. Sunkuye, dubi dunduniyar nan ki gaya min sana'ar mai ita.

Yaya ya sauke ni a bakin titi, ya leƙo ta taga.

"Goma fa! Kada ki tsaya a uku!"

An yi wa wurin sabon fenti. An ɗauke tsohon bencin da ƙafarsa ɗaya take kan bulo, an jera kujerun roba. Fankar da take kuka kamar tsohuwar kaza ma an canza ta. Amma da na wuce ɗakin aiki na leƙa, kujerar marasa lafiya tana nan yadda take, da 'yan kujerun zama guda biyu a gabanta, ta Baba da tawa. A bango kuma, dama da hagu, ga ƙusoshi biyu. Mai fenti ya bi ta kansu bai cire ba.

Na yi sauri na ɗauke ido.

A ofis na tarar da mutum biyu. Anti Dokta tana gefe, a kujerar kusa da taga. A bayan tebur kuma wani mutum ne da ta ɗauko ya riƙe mata harkar kuɗi da takardu, kowa Manaja yake ce masa. Ban ga fuskarsa sosai ba, amma na ga takalminsa. Baƙi, mai tsini, yana sheƙi. Da ya tashi ɗauko fayil sai na lura yana taka ƙafar dama a karkace, yana ɗage babban yatsa.

Na gaishe su. Na zauna a bakin kujera.

Manaja ya ce, "To, Malama. Litinin, Laraba, Asabar. Ƙarfe takwas zuwa biyu. Karɓar kati, wanke kayan aiki, shara. Ga abin da za mu iya."

Ya rubuta a 'yar takarda ya turo min. Bai kai rabin abin da Baba yake ba ni ba.

Na fara ƙirga. Na kai goma. Na buɗe baki, magana ta ƙi fitowa. Na sake farawa daga ɗaya.

Manaja ya gyara zama. "To, za mu ɗora miki kuɗin mota."

Shiru.

"Da rigar aiki guda biyu."

Shiru. Wallahi ba dabara nake ba, kunya ce kawai.

"Da hutun sati ɗaya a shekara, da albashinki. Malama, wai wa ya koya miki ciniki ne?"

Na ji Anti Dokta ta yi wani ɗan tari, irin na mai danne dariya. Tarin Baba ne sak. Shi ne ya buɗe min baki.

"Yallaɓai, a bar kuɗin motar."

"Na'am?"

"Da rigar. Albashin ma a rage. A sa Innata a inshora."

Manaja ya ajiye biro.

"Malama, inshora ta cikakkun ma'aikata ce, masu takardar shaida. Mai kwana uku ba ya ciki. Me yake damun Innar taki?"

"Suga. Da gyambo."

"Tabɗi. Kin san abin da kamfanin zai caje mu a kan tsohuwa mai gyambo? Ya fi albashinki gaba ɗaya. Bari in tambaye ki. Kina da takardar aikin jinya?"

"A'a."

"Ta sakandare fa?"

"A'a."

"To a shekara bakwai ɗin nan me kike yi a nan?"

"Ina taimaka wa Baba."

"Da me?"

"Da abin da ya ce."

"Wato shara da miƙa almakashi. Ba raini ba ne, Malama, amma mai shara ba ta wuyar samu. Yanzu in na leƙa titi zan dawo da biyar."

Jama'a, maganar tana kan harshena. Kalma kaɗan ce. In na faɗe ta, bakinsa zai mutu. In na faɗe ta, wataƙila yatsan Inna ya tsira.

Sai na ji muryar Baba a kunnena, kamar yana bayana: "Kada kowa ya sani, Sunkuye."

Na haɗiye. Na ce, "Haka ne, Yallaɓai."

Na tashi, na ce na gode. Har na kai bakin ƙofa, sai hali ya ci ni. An ce hali zanen dutse. Na juyo, idona a kan baƙin takalmin nan.

"Yallaɓai, ka daina yanke farcen nan ta gefe. Ya shige nama. Kuma takalmin ya matse ka. In ka bar shi sati biyu zai yi ruwa."

Ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin tebur da sauri kamar ya taka wuta.

"Wa ya gaya miki?"

"Tafiyarka."

Anti Dokta ta miƙe tsaye. "Manaja, ɗan ba mu wuri."

"Dokta, ai mun gama..."

"Ba mu wuri. Ka je ka cire takalmin ka sha iska."

Ya fita yana ɗingishin da yake ta ɓoyewa tun safe. Ta rufe ƙofa. Ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, ta dire shi a gabana. Na gane shi tun kafin ta buɗe. Katunan marasa lafiya ne.

"Zauna."

Na zauna.

Ta zaro kati ɗaya. "Wannan na shekara huɗu da suka wuce ne. Rubutun babana. Ko a duhu na san shi." Ta zaro wani. "Wannan na bara ne. Babu rubutu. Zanen tafin ƙafa ne, da ɗigo a inda ciwo yake. A gefe an sa, 'nan ya fi makon jiya.' An sa, 'ba ya jin taɓi a nan.' Wa ya zana?"

Na kalli ƙasa.

"Babana ko ƙwai bai iya zanawa ba. Ya taɓa zana min doki a littafin makaranta, malamarmu ta ce wane irin tebur ne wannan. Wa ya zana?"

Shiru.

"Ga ƙusoshin can na ɗakin aiki. A ɗakin nan na yi rarrafe, ban taɓa ganin labule ba. Jiya wata tsohuwa ta tare ni a hanya tana cewa in mun buɗe mu mayar da labulen Likita, wai ya fi kwanciyar hankali. Wane labule?"

Shiru.

"Ni ba Manaja ba ce. Ba zan ƙara miki kuɗin mota don kin yi shiru ba. Yi magana."

"Anti, na yi alkawari."

"Wa kika yi wa?"

Ta dawo kusa da ni ta zauna. Muryarta ta sauka.

"Hannunsa ne ko idonsa?"

Nan hawaye ya kuɓuce min. Ni ban faɗa ba, ita ta gano. Haka nake gaya wa kaina har yau.

"Hannu."

"Tun yaushe?"

Sai na ba ta labari, yadda zan ba ku yanzu.

Wata Laraba ce, shekara biyu kafin rasuwarsa. Yana kankare wa wani mai gadi kanta a tafin ƙafa, sai reza ta faɗi ƙasa. Na ɗauka, na kawo wata. Ita ma ta faɗi. Na ga hannun yana rawa, ya danne shi da ɗayan, ya ce wa mai gadin ya dawo gobe, wai kayan aiki ne ba su da kaifi.

Da mutumin ya fita ya ce in rufe ƙofa. Ya daɗe yana kallon hannunsa kamar na wani ne aka ba shi aro.

Ya ce, "Sunkuye, shekara arba'in hannun nan bai taɓa yi min gardama ba."

Na ce masa sannu.

"Mutum nawa ne a unguwannin nan da ƙafarsu take hannunmu?"

"Da yawa, Baba."

"In na rufe, ina za su? Daga gobe ke ce hannu, ni ne kai. Amma kada kowa ya sani. Musamman 'yata. In ta ji, za ta rufe wurin nan ta kwantar da ni a gado, ni kuwa ranar da na kwanta ba zan tashi ba."

Washegari ya zo da sabulu cikin leda, sanda shida. Wata biyu cur ban taɓa ƙafar kowa da reza ba, sabulu nake ferewa. Sai na fere ya yi siriri har ana hango haske ta ciki. In ya yi kauri ya ce, "Kin cire wa bawan Allah dunduniya, sake." Ɓarɓashin kuma mu tara a kwalba mu riƙa wanke hannu da shi, don Baba ba ya yarda a yi asarar ko tsinke.

Sannan ya sa aka ɗinka labule, shuɗi, aka rataya a tsakiyar kujera, daidai gwiwar mara lafiya. Ya ce wa mutane sabon tsari ne, don kada su ga jini su tsorata. Su suna kwance a can, mu muna zaune a nan. Shi yana ta hira da su, yana tambayar jikoki, yana tsokanar masu rowa. Da wata siririyar sanda yake nuna min: nan, tsaya, ƙara kaɗan, ya isa. Ni kuma ina yi. Yawancinsu masu suga ne, ƙafar ba ta ji sosai. Masu ji kuwa sai su ce, "Likita, hannunka sai ƙara laushi yake!" Ya ce, "Tsufa ne, yana da ranarsa." Ya kalle ni yana ƙyafta ido.

Biro ma ya daina riƙuwa a hannunsa. Ni kuma ban iya Turancin likitoci ba. Shi ne na koma zane.

Na gama ba ta labarin. Anti Dokta ta tashi ta je taga, ta juya min baya.

"Shekara biyu," ta ce. "Duk sati ina kiransa. Baba ya jiki? Garau nake. In na zo gida ya sa hannu a aljihu, in ce sabon salo ne na tsofaffi." Ta juyo, idonta ja. "Kin san ciwon nan yana da maganin da yake lafar da shi? Kin san da na sani da na kai shi inda za a duba shi?"

"Ban sani ba, Anti."

"Ba ki sani ba! Kin san da kin yanke wa wani jijiya, ke da shi gidan yari za ku?"

"Ban taɓa yanka inda bai nuna min ba."

"Mutum nawa kika yi wa aiki?"

"Ban ƙirga ba."

"Ni na ƙirga." Ta dafa kwalin. "Kwana huɗu ina bin katunan nan ɗaya bayan ɗaya, ina neman kuskurenki. Neman sa nake, don in samu wanda zan huce a kansa. A shekara biyun nan babu mutum ɗaya da ya rasa ko yatsa."

Ta zauna. Ta rufe fuska da hannu. Na ga ƙafarta tana kaɗawa, dunduniyar hagu ta takalminta ta cinye ta waje. Haka duk takalman Baba suke cinyewa.

"Ɗazu da Manaja ya ce miki mai shara, me ya hana ki faɗa? Da kin faɗa, da kin kama mu a wuya."

"Ba nawa ba ne, Anti. Ajiya ce."

Ta sauke hannu daga fuskarta.

"Ban sani ba ko in gode miki ko in kore ki. Wallahi ban sani ba."

Ta jawo takardar ɗaukar aikin da Manaja ya bari, ta juya ta zuwa shafin ƙarshe. Akwai wani fili a ƙasa da ba a rubuta komai ba.

"Saurara. Reza kam ba za ki ƙara riƙewa a wurin nan ba sai da takarda. Wannan babu ciniki a ciki. Kwana uku, da albashin da ya faɗa, da kuɗin motar da kika ci da shirunki, duk suna nan. A filin nan kuma ki rubuta abu ɗaya da kike so a ƙara. Ɗaya tak."

"Inshorar..."

"Kin ji abin da Manaja ya ce, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wurin nan bai kawo ko sisi ba tukuna. Ki yi tunani da kyau. In kin roƙi abin da zan iya, zan sa hannu a take. In kin roƙi abin da ya fi ƙarfina, takardar ta mutu, aikin ma babu, mu rabu lafiya. Ba na ciniki sau biyu. A wurinsa na gada."

Gaskiya ne. Baba ko tumatir zai saya, sau ɗaya yake tayawa.

"Gobe ƙarfe takwas."

Da yamma na shimfiɗa wa Inna tabarma a tsakar gida, na kawo ruwan ɗumi zan wanke mata ƙafa. Yaya ya shigo shan ruwa. Na gaya masa maganar filin nan kawai, ban da sauran.

Ya yi tsalle. "Abu ɗaya? Auta, rubuta ninki biyu! Da kuɗi a hannu ai mu ma za mu sai wa Inna magani."

"Ba zai kai ba, Yaya. Ko ninki uku ne."

"To in kika ce inshora suka ce a'a fa? Ba tsuntsu ba tarko. Ke ba aiki, Inna ba magani, ni kuma in ci gaba da zagaya gari da tsohuwar motar nan da sai an tura ta take gaisawa da mutane."

"Na sani."

"Kin yi shirun dai da na koya miki?"

"Na yi. Har kuɗin mota ya ƙara."

"Kin gani! Jinin ciniki a gidan nan yake, ɓoyewa kike." Ya ɗauki makullinsa. "Ninki biyu, Auta. Kada ki sa tausayi a takarda."

Ya fita. Na ɗora ƙafar Inna a cinyata, na kwance bandeji a hankali. Bakin ciwon ya ƙara faɗi kaɗan. Ban nuna a fuskata ba.

Inna ta ce, "Ta gano labulen ko?"

Auduga ta faɗi daga hannuna.

"Inna, wane labule?"

"Ke tafi can. Shekara biyu ina kwanciya a kujerar nan duk sati. Yana ta zuba min surutu, wai Likita ne yake aiki."

"Ai ƙafar ba ta ji."

"Ƙafar ta mutu, amma ba ta manta hannun da na haifa ba. Kafin ki taɓa mutum sai kin murza hannuwanki sun yi ɗumi. Tun kina ƙarama haka kike in za ki taɓa ni. Ina jin ƙarar murzawar ta bayan labule."

"Kuma ba ki taɓa faɗa ba?"

"Shi ya rufa mana asiri shekara nawa? In na ce masa hannunka ya yi laushi, ai ku biyu nake yi wa godiya."

Na sunkuyar da kai, hawaye yana ɗiga cikin ruwan wankin. Ta dafa kaina.

"Auta, ki roƙi abin da za su iya ba ki. Ni na ci zamanina. Yatsa tara ma sun ishe ni zuwa inda za ni."

Na gama wankewa, na shafa magani, na naɗe.

Washegari tun ƙarfe bakwai ina bakin asibitin. Mai gadin layin ya buɗe min, don ya san ni, ƙafarsa ma ta san ni ko da shi bai sani ba. Na shiga ɗakin aiki, na zauna a 'yar kujerata. Tasa tana gefe, babu kowa a kai.

Na ɗora takardar a gwiwa. Na rubuta kalma ɗaya, inshora, a tafin hannuna don gwaji, na ga ba ta faɗi abin da nake nufi ba, ni so nake a ceci ƙafar Inna. Sai na murza hannuwana har suka yi ɗumi, na yi abin da na iya.

A filin nan na zana tafin ƙafar Inna ta hagu. Na sa faso biyun da suke dunduniya, na sa ƙaramin yatsan da ya lanƙwashe tun tana budurwa. A ƙarƙashin babban yatsa na ɗiga ɗigo, daidai girmansa na jiya. A gefe na rubuta: "Nan bai fi makon jiya ba."

Ƙarfe takwas suka shigo. Manaja silifas ne a ƙafarsa.

Na ajiye takardar a gaban Anti Dokta. Manaja ya leƙo ya ce, "Wannan kuma mene ne? Malama, nan wurin rubutu ne, ba..."

Ta ɗaga masa hannu, ya yi shiru.

Ni kuma na yi abin da ban taɓa yi ba a ginin nan cikin shekara bakwai. Na ɗaga kai na kalle ta a ido.

Idanun Baba ne. Ashe haka suke.

Ban sauke kaina ba. Na fara ƙirga a raina.

Ɗaya.

Biyu.

A uku ta cire murfin biro.